Abin da Fiton Iska a Rufin Bas Yake Sanar da Direba

Duk wanda ya saba hawa motar haya tsakanin Dutse da Kano, ko daga Shuwarin zuwa Azare, ko ta Kiyawa zuwa Jahun, ya san wannan ƙara. Muddin mota tana cikin gari ba a jin ta. Da zarar an bar gari direba ya sa giyar ƙarshe, sai wani siririn fito ya taso daga saman ƙofa ko gefen gilashin gaba, wani lokaci kuma ƙugi mai kauri daga rufi, ya raka matafiya har inda za su sauka. Fasinja ya ɗaga murya don na kusa da shi ya ji, direba ya ƙara sautin rediyo, in wani ya yi ƙorafi a ce masa, "Malam, ai haka motar take." A sana'armu ta gyaran bodin mota babu amsar da ta kai wannan jawo wa mai mota asara, domin galibi fito ba ya tashi sai da kafa, kuma kafar da iska ta samu ba ita kaɗai ke bi ta ciki ba. Ta nan ƙurar hunturu ke shiga, ta nan ruwan Agusta ke bi, in kuma a bayan mota kafar take, ta nan hayaƙin salansa zai iske mutane a zaune. Don haka nake ganin ya kamata fito ya shiga jerin laifuffukan da ake kai mota gareji dominsu, daidai da kukan birki.

Kafin a yarda da haka sai an fahimci inda ƙarar ke fitowa. Idan bas tana gudu, iskar da ta bugi gilashin gaba tana karkata ta bi ta saman rufi da gefen ƙofofi da sauri fiye da gudun motar kanta. Inda iska ta yi sauri matsinta yana raguwa, shi ya sa a kusurwar sama ta ƙofar direba da ta fasinjan gaba ake samun wani irin zuƙa da ke jan ƙofar waje. Ƙarfin wannan zuƙa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, tsallake yake yi: in gudu ya ninka sau biyu, shi sau huɗu yake ninkawa. Ko daga kilomita 60 a awa zuwa 90, wanda shi ne iyakar da dokar hanya ta ba bas a babban titi mai hannu biyu, ya riga ya wuce ninki biyu. Robar da ke zagaye da ƙofa an yi ta ne da rami a ciki, domin ta matse idan an rufe, ta kuma kumburo ta bi ƙofar idan iska ta ɗan ja ta. Lafiyayyar roba tana bin ƙofa, matacciya kuwa tana tsayawa a lanƙwashe yadda aka danne ta, sai a sami tazarar da ba ta kai kaurin farce ba, iskar cikin mota ta kutsa ta nan da ƙarfi. Aikin sarewa ke nan: ƙaramar kafa da iska mai sauri. Wannan ne ya sa direbobi da dama suka lura motarsu ta fi kuka a ɓangarorin titin Kano zuwa Maiduguri da aka mayar mai hannu biyu. Titin bai ɓata komai ba, ya dai ba mota damar kaiwa gudun da ke tona lalacewar da ta daɗe a ɓoye.

Robar kuwa a ƙasarmu da wuri take mutuwa, kuma dalilan a fili suke. Mafi yawan motocin da ke lodi a tashoshinmu, Hiace ce ko Sharon ko Golf, na Kwatano ne, sun ci shekaru a Turai kafin su iso. Tsohuwar Hiace da har yanzu ke jigilar 'yan kasuwa an fara ƙera samfurinta a 1989, wadda ake kira Homa kuma a 2004, Sharon a 1995, kuma da yawa cikinsu da robar da suka fito da ita daga kamfani suke yawo. Sai su faɗo cikin yanayin da daga Maris zuwa Mayu zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ƙarfen rufin motar da ta yini a filin tasha tana jiran layi kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Zafi yana busar da roba ya taurara ta. Hunturu ya zo da ƙura mai laushi ta kwanta a bakin ƙofa, duk buɗewa da rufewa tana goge fatar robar. Daga nan sai namu hannun ya shigo. Irin robar da kamfanoni ke sa wa ƙofofi, wadda ake kira EPDM, tana jure rana da ruwa sosai, amma ba ta shiri da duk abin da aka samo daga ɗanyen mai. Yaron mota ko mai wanki da ya shafa mata baƙin mai, ko dizal, ko kalanzir don ta yi sheƙi, ya sa ta kumbura ta yi laushi, bayan 'yan watanni ta saki ta fara yagewa. Da niyyar gyara ake yin wannan, shi ya sa hana shi ke da wuya sai an yi bayani.

Akwai kuma kafofin da ba tsufa ya buɗe su ba. Keriyar da ake ɗora wa bas don kayan kasuwar Shuwarin ko Gujungu ko Sara, sau da yawa mai walda ne ke haɗa ta a gefen titi, ya huda rufi ya ɗaure da noti ba tare da ya sa komai a ƙarƙashi ba, ko ya yi walda kai tsaye a kan magudanar ruwan da ke gefen rufin, wutar ta ƙone gam ɗin da kamfani ya cike haɗin ƙarfen da shi. A ɗora buhunan riɗi ko shinkafa fiye da ƙima, rufin ya lotsa, bakin ƙofa ya ɗan karkace, ko sabuwar roba aka sa ba za ta zauna daidai ba. Ƙofar ja ta gefe, wadda kwandasta ke bugawa tun asuba har dare, boris ɗinta yana cinyewa ta sunkuya, samanta ya bar jikin mota. Ita kanta keriyar tana da tata ƙarar da ba ruwanta da roba: zagayayyen bututun ƙarfe idan iska ta ratsa shi a gicciye yana ƙugi, bakinsa da aka bari a buɗe yana fito, jelar igiyar da ba a ɗaure ba tana kaɗa rufi. Bambance waɗannan yana da muhimmanci, don kada a kashe kuɗi a kan roba alhali laifin na ƙarfe ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan batu shi ne ƙofar baya. Mota mai siffar akwati, kamar bas, idan tana gudu tana barin wani gurbi a bayanta inda iska ke juyawa tana komowa jikin ƙofa, shi ya sa kullum gilashin baya ya fi ko'ina ƙura. A cikin wannan gurbi salansa ke zubar da hayaƙinta. Idan robar but ta mutu, ko aka bar but ɗin a buɗe aka ɗaure shi da igiya saboda kaya sun yi yawa, wanda abu ne da ake gani kullum ranar kasuwa, hayaƙin yana komowa ciki ta wajen kujerar ƙarshe. A cikin hayaƙin fetur akwai iskar da ake kira kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau sama da 200. Alamunta na farko ciwon kai ne, da jiri, da tashin zuciya, da barci mai nauyi, wato dai abubuwan da matafiyi ke ɗora wa gajiyar hanya ko warin fetur. Motoci da yawa kuma an cire musu matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda bakanikai ke kira indomi, don haka gubar da suke fitarwa ta fi ta da. Wa ke zama a kujerar baya? Galibi mata masu goyo, da yara, da wanda bai iya gardamar kujera ba. Littattafan da kamfanonin mota ke haɗowa da motocinsu suna gargaɗi a kan tafiya da ƙofar baya a buɗe saboda wannan dalili. Direban da barci ke fizga a kan sitiyari tsakanin Gaya da Wudil, ba kullum ne rashin barcin jiya ke damunsa ba.

Ruwa shi ma ba ya yin hayaniya. Yana bi ta ramin noti ko tsagar magudana ya kwanta tsakanin rufi da silin, inda soso ke riƙe shi kwana da kwanaki. Tsatsa ta fara ci daga ciki, a motar da wataƙila gishirin da ake zuba wa titunan Turai lokacin ƙanƙara ya riga ya taɓa ta. Kafin fenti ya kumburo a waje, ƙarfen da ke riƙe da gilashin gaba ya zama gari. Wayoyin fitilar ciki da na bayan mota ta nan suke bi. Sharon da Golf masu rufin gilashi mai buɗewa suna da siraran tiyo a kusurwoyi da ke zubar da ruwa ƙasa, ƙurar hunturu tana toshe su, ruwan farko ya mai da ita laka, ruwa ya koma cikin mota. Ginshiƙan rufi su ne abin da ke tsakanin kan fasinja da kwalta idan mota ta kife, kuma ginshiƙin da tsatsa ta cinye aka rufe da fila ba ya riƙe komai.

Sai kunnen direba, wanda kayan aiki ne kamar idonsa. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyaka a kan ƙarar da ta kai desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Fito shi kaɗai ba lallai ya kai nan ba, sai dai ba shi kaɗai yake zuwa ba: yana hawa kan ƙarar inji da ta taya, sannan a ɗaga rediyo sama da su duka, kuma mafi yawan lokuta a kusa da kunnen hagu na direba yake, yini guda, shekara da shekaru. Ko a bar maganar kurumta, mota tana sanar da ciwonta ta hanyar sauti. Boris ɗin taya kafin ya kama yana gurnani, taya kafin ta fashe sau da yawa tana canja murya, hon ɗin mai tirela da ke son wucewa yana zuwa daga baya. Wanda ya saba da hayaniya a cikin motarsa ya rage wa kansa damar jin waɗannan da wuri.

Na san abin da ɗan'uwa direba zai ce, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce motar haya a nan ba ta da iyakwandishan, a bazara gilasai a sauke ake tafiya, to wace kafa ce za ta fi tagar da aka buɗe da gangan? Gaskiya ne, a watan Afrilu da gilasai duka a ƙasa ba wanda zai ji fiton roba. Amma shekara ba bazara kaɗai ba ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, musamman a lodin asuba, kowa rufe gilashi yake yi saboda sanyi da ƙura, haka ma idan hadari ya taso da damina, kuma a lokutan nan ne ake bukatar robar ta yi aikinta. Sannan buɗe taga ba ya maganin hayaƙin baya yadda ake zato. Gilashin ƙofar gaba da aka ɗan sauke kaɗan yana zuƙe iskar ciki ya fitar da ita, dole wata ta shigo ta maye gurbinta, kuma ta inda ta sami kafa za ta shigo. In kafar tana ƙofar baya, abin da direba ya yi don ya sha iska shi ne ke jawo hayaƙi ya ratso ta kan fasinjoji har zuwa wurinsa. Wani kuma zai ce tsohuwar mota dole ta yi ƙara. Ƙarar tsufa daban take, ta inji ce da ta ƙarafan ƙasa, kuma tana nan ko a hankali ake tafiya. Sautin da ba ya tashi sai an kai wani gudu, ya ƙaru idan iska ta bugo daga gefe ko babbar mota ta gifta, wannan yana da wuri takamaimai, kuma ana samunsa.

Neman wurin kusan ba ya cin ko sisi, shi ya sa nake jin takaicin yadda ake tsallake shi a tafi sayen gam. A sa takarda ko takardar kuɗi a bakin ƙofa a rufe, a ja. Inda ta yi tauri roba na kamawa, inda ta zare salin-alin nan ne tazara, a bi ƙofar a zagaye taki-taki. A shafa alli a kan robar a rufe a buɗe, wurin da allin bai taɓa ƙarfe ba zai nuna kansa. Da dare mutum ɗaya ya shiga da tocila yana haska gefen ƙofa, wani yana duba ta waje. Hanyar da ta fi duka tabbas ita ce ta salatif ɗin takarda na masu fenti: a liƙe wuri ɗaya da ake zargi, a ce gefen gilashin gaba, a hau titi a kai gudun da ƙarar ke tashi, wani ban da direba yana saurare. In ta ɗauke an kama ɓarawo, in ba ta ɗauke ba a cire a koma wuri na gaba. Sharaɗin shi ne wuri ɗaya a lokaci ɗaya, domin wanda ya liƙe ko'ina a tashi guda ya kashe ƙarar bai san daga ina take ba. Gwajin ruwa kuma daga ƙasa ake fara shi ana hawa sama a hankali, da tiyo marar ƙarfi, don idan aka fara daga rufi ruwa zai bi ko'ina ya rikita lissafi. Kunne kaɗai yana yaudara a cikin mota, sau da yawa fiton da ake rantsuwa daga ƙofa yake, a ƙafar keriya ake samunsa.

Idan an gano wurin, gyaran ya danganta da abin da aka gani, kuma ba kullum ne yake kaiwa ga sabuwar roba ba. Ƙofar da ta sunkuya saita ta ake yi, a matsar da maƙamar kulle ciki kaɗan, a canja boris ɗin ƙofar ja. Robar da ta fita daga bakinta mayar da ita ake yi. Wadda ta kwanta amma ba ta yage ba, ana iya zura siririn tiyo mai laushi a cikin raminta ta sake tashi. A wanke ta da ruwa da sabulu, a shafa man silikon ko gilisarin da ake samu a kemis. Bututun keriya a toshe bakinsa, a naɗa masa igiya a karkace daga wannan gefe zuwa wancan, ƙugin zai ragu sosai domin igiyar tana wargaza iskar da ke haddasa shi. Inda nake da saɓani da abokan sana'a da yawa shi ne silikon ɗin bututu da ake liƙa gilashin taga da shi a gidaje. Yana da araha, yana ko'ina, kuma ranar da aka sa shi ƙara tana ɗaukewa, mai mota ya tafi yana godiya. Irin mai warin tsami ɗin nan kuwa yana fitar da asid yayin da yake bushewa, wanda ke taimakon tsatsa a kan ƙarfen da ba fenti. Fenti ba ya kama shi, idan ya saki ta gefe ruwa yana shiga ya maƙale a ƙarƙashinsa, kuma wanda zai gyara daga baya sai ya kankare shi tas kafin wani gam ya kama. Abin da ya dace da haɗin rufi da ramin noti shi ne gam ɗin foliyuretan na mota, irin su Sikaflex, bayan an goge tsatsa har ƙarfe ya fito an sa fentin ƙasa, da wosha ta roba a ƙarƙashin kowace ƙafar keriya. A Turai, inda ake mai da motoci irin su Fiat Ducato da Peugeot Boxer, wadda ta gaji J5 ɗin da muka sani, ɗakin kwana na masu yawon buɗe ido, ana yanka rufinsu a sa taga da fanka, kuma irin wannan gam da roba mai danƙo ta butil suke amfani da su a bakin yankan. Huda rufi ba shi ne laifi ba, in an rufe bakin hudar yadda ya kamata.

Maganar kuɗi ita ce ta ƙarshe kuma ita ce mai wuya. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, darajar naira kuma ta faɗi, direban da ke kai wa maigidansa balas kullum lissafinsa ya tsuke, kuma ba zan ce masa ya bar taya ko birki ya sayi roba ba. Taya da birki su ne gaba. Amma a duba abin da na lissafa a sama: takarda, alli, salatif, sabulu, igiya, saitin ƙofa, yawancinsu ba su kai kuɗin kujera biyu daga Dutse zuwa Kano ba. Abin da za a kwatanta da su shi ne yanke bakin gilashin gaba a yi walda a sake fenti, mota ta kwana biyu ko uku ba ta yi lodi ba. Keriyar da ake yawo da ita fanko ranar da ba kasuwa ita ma fetur take sha, domin tana ƙara wa mota nauyin ture iska a kowane kilomita. Idan sayen roba ya zama dole, a je da tsohuwar a hannu, ko a Dutse ko a Ƙofar Ruwa a Kano, a gwada siffar bakinta da ta sabuwar. A matsa ta da yatsa, in ta dawo nan take da sauran rai, in ta tsaya ko ta nuna tsaga a bar ta ko da an ce ta Kwatano ce. Araha ba ta ado a nan, robar da ta fi ƙima kauri tana sa a dinga buga ƙofa da ƙarfi har maƙalanta su saki.

Akwai rabon da ya hau kan shugabannin tasha. Ƙungiyar direbobi ce ke ba mota layi, 'yan kamasho ne ke tsaye lokacin da ake ɗaure kaya, kuma su ne za su iya cewa motar da but ɗinta bai rufu ba ba za ta tashi da mutane a kujerar baya ba. Jami'an kiyaye haɗurra da na duba lafiyar mota suna duba taya da fitila da na'urar taƙaita gudu, ba abin da zai hana su leƙa ƙofar baya, aikin minti ɗaya ne. Masu motoci kuma su riƙe lokaci: tsakanin ƙarshen Fabrairu da watan Mayu, bayan ƙura ta lafa kafin ruwan farko, shi ne lokacin da ya dace a wanke magudanar rufi, a busa tiyon rufin gilashi, a kwance ƙafafun keriya a duba ƙarƙashinsu. A lokacin ƙarfe a bushe yake ciki da waje, tsatsar da aka goge ba ta dawowa kafin a rufe ta, gam kuma yana kama shi da kyau.